Zanen kwalin dabino: daga kafin alƙalami har fayil ya shiga maɗaba'a

Auta (Makka): Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Wani ɗan kasuwa a Madina yana son zanen kwalin dabinon ajwa na rabin kilo, irin wanda alhazan Najeriya da Nijar ke saya tsaraba, da rubutun Larabci da na Hausa. Abin da ya turo kawai shi ne saƙon murya: "A yi abu mai kyau, nawa ne?" Ta ina ake farawa, ina ake tsayawa? Jazakumullahu khairan.

Yaya Mai Alƙalami (Jidda): Wa alaikumus salam Auta. Kada ka amsa "nawa ne" tukuna, don ba ka san abin da kake sa wa kuɗi ba. Mayar masa da tambayoyi a rubuce. Kwali nawa zai buga, dubu ɗaya ko dubu hamsin? Ajwa kaɗai, ko gobe zai ce a juya zanen zuwa sukkari da safawi da mabrum? Fuska ɗaya ta kwalin za a zana ko duk kewayensa? Wace maɗaba'a, wace takarda? Yana da tambarin shagonsa a fayil mai kyau, ko hoton allon shago zai ɗauko da waya? Wa zai kawo rubutun, wa zai duba shi? Wace rana yake son kwalin a hannunsa? Ka lura, ranar kwali a hannu daban, ranar da kai za ka miƙa fayil daban.

Sai babbar tambaya: wa ke da ta cewa a ƙarshe? Shago da yawa a nan na 'yan'uwa ne. Ka gama da ƙane, wansa ya dawo daga tafiya ya ce bai son koren. Sunan mutum ɗaya kake so, wanda in ya ce "khalas" an wuce wurin.

Ka kuma roƙe shi hoton kwali uku da suka burge shi da uku da bai so. "Abu mai kyau" ba ya gaya maka komai, amma kwali shida za su gaya maka.

Baba Mai Maɗaba'a (Jidda): Yaro, kafin ka ja layi ɗaya, karɓi taswirar yanka daga maɗaba'ar da za ta buga. Ita ce shimfiɗar kwalin a buɗe: inda wuƙa za ta yanke, inda za a karya, da leɓen da za a shafa wa gam. Kowace maɗaba'a tana da wuƙaƙenta da aka riga aka ƙera. In ka ƙirƙiro naka girman, sai an ƙera sabuwar wuƙa, kuɗi ne daban da kwanaki daban, kuma mai dabino bai shirya musu ba. A turo maka ita a PDF ko AI, wato fayil ɗin manhajar Illustrator, ba hoton allon kwamfuta ba. Ka buga ta a takarda, ka yanka da almakashi, ka naɗe. Nan za ka ga wace fuska ce take juyewa ƙasa-sama idan an rufe murfi. Kuskuren da ya fi yawa ke nan: a buga dubu biyar, a naɗe, a tarar rubutun gefe yana tsaye da ka.

Kawu Akanta (Riyad): Kafin a yi nisa, akwai tambayar da ba a so amma dole. Auta, da wace takarda kake aiki? Ɗan ƙasar Saudiyya yana iya ciro wasiƙatul amalil hurr, takardar aikin kai ta Ma'aikatar Ma'aikata da Ci-gaban Al'umma, ta intanet, ana sabunta ta duk shekara, kuma da ita ake buɗe asusun banki na sana'ar. Mai iƙama kuwa, wato baƙo mai takardar zama, dokar aiki ba ta ba shi damar yi wa wani aiki ban da mai ɗaukar nauyinsa ba, ko ya yi aikin kansa. Hanyar da ta dace gare shi ita ce aikin ya bi ta mu'assasa, wato kamfani mai rajista, fatura, takardar cajin kuɗi, ta fito da sunanta. Ba tsoratarwa ba ce. Dalilin shi ne ranar da aka hana ka kuɗinka, wanda ba shi da takarda ba ya iya kai ƙara ba tare da ya tona kansa ba, kuma wasu 'yan kasuwa sun san haka.

Auta (Makka): Na gode Kawu, ta wannan ɓangaren lafiya lau, takardar tana nan. Lissafin kuɗin ne ya fi damuna.

Hajiya Mai Kala (Riyad): To ɗana, lissafi kashi biyu ne, kuma masu farawa kashi ɗaya kawai suke gani.

Na farko lokacinka. Mu ɗauki misali, adadin na misali ne, ka sa naka. Awa 2 na tambayoyi da duba kwalayen kasuwa, awa 4 na ƙananan zane, awa 6 na zanen fensir a kan taswirar, awa 14 na kala, awa 4 na shirya fayil, awa 3 na gyara da waya. Awa 33 ke nan. In ka yi wa awarka riyal 60, ya kama 1,980. Awa ukun nan na waya kada ka raina su, su ne suke zama goma.

Na biyu amfanin da za a yi da zanen. Zanen da zai hau kwali dubu biyu a shago ɗaya a Madina ba ɗaya yake da wanda zai hau kwali, jaka, allon talla, motar kai kaya, har a tura shi Kano a buga ba. Aikin hannunka bai canja ba, amma abin da yake samarwa ya canja. Don haka a takarda ka rubuta: an ba da izinin amfani da zanen a kan kwalin ajwa na rabin kilo, a cikin Saudiyya, shekara uku, misali. Abin da ya wuce haka sabon ciniki ne. A misalinmu sai ka ce 2,500 gaba ɗaya.

Kuma kada ka taɓa faɗin kuɗin awa ga ɗan kasuwa. Faɗa masa kuɗin aiki. In ya ji awa, zai fara ƙirga maka ita.

Yaya Mai Alƙalami (Jidda): Hajiya, a nan zan ɗan saɓa. Mai dabino na Madina in ka ce masa shekara uku, zai ce ashe haya ya yi. Kwali tufafin shagonsa ne, ba zai so ganinsa a jikin wani ba, ba kuma zai so a zo masa da batun sabuntawa ba. Ga kwali da tambari gara a sayar masa gaba ɗaya a ɗaga kuɗin tun farko. Iyakance shekaru ya fi dacewa da zanen mujalla ko bangon littafi.

Hajiya Mai Kala (Riyad): Ba laifi a sayar gaba ɗaya, amma a rubuta cewa an sayar, kuma a biya kuɗin sayarwa. Abin da nake ƙi shi ne a biya kuɗin haya a tafi da gida. Dokar haƙƙin mallaka ta 2003 ta ce miƙa haƙƙi sai a rubuce, a kuma fayyace iyakarsa ta lokaci da ta wuri. Haƙƙin a ce kai ka zana kuwa ba ya sayuwa. Hukumar da ke kula da wannan ita ce Hukumar Mallakar Fasaha ta Saudiyya da ke Riyad. Ka ba shi farashi biyu ya zaɓa: na kwalin nan kaɗai, da na mallaka duka. In ya ga biyun a jere, shi da kansa zai gane bambancin.

Kawu Akanta (Riyad): Batun haraji a taƙaice. Dariba, wato harajin VAT, kashi 15 ce tun 1 ga Yuli 2020. Rajistarta tana zama dole in cinikinka na shekara ya haura riyal 375,000, ana kuma iya yin ta na ganin dama daga 187,500. In ba ka da rajista, ba ka da ikon ɗora 15 ɗin a fatura. In kana da ita, 2,500 ta zama 2,875, kuma ka faɗi haka tun a takardar farashi, kada ya ji ta a ƙarshe. Wanda kuma aiki ya zo masa ta Fiverr, shafin neman aiki na intanet, ya tuna suna cire kashi 20: in 2,500 kake son ta shigo hannunka, 3,125 za ka rubuta.

Kafin alƙalami rabi ne, a tura ta banki. Sauran rabin kafin fayil na ƙarshe ya fita. Kada ka yarda da hoton rasit, buɗe asusunka ka gani. Turawa tsakanin bankunan nan ta sari', tsarin tura kuɗi na gaggawa, nan take take shiga in kuɗin ba su da yawa, don haka "ai na tura, sai gobe za ta fito" ba hujja ba ce a kan riyal 1,250.

Yaya Mai Alƙalami (Jidda): In aikin ya yi tsawo, kamar littafin yara mai shafi 32, uku ake rabawa: kashi ɗaya a farko, ɗaya in an amince da zanen fensir, ɗaya a ƙarshe. Ga kwali ɗaya rabi da rabi ya isa.

Auta (Makka): Malam, ina da tambaya a nan. In ya fasa bayan na fara, kafin alƙalamin nan ya halatta in riƙe? Na taɓa jin an ce arbun haramun ne.

Malam Ɗalibin Madina: Auta, ba ƙarya ka ji ba, amma akwai bayani. A Muwaɗɗa Imam Malik ya kawo hani a kan cinikin arbun, wato mai saye ya ba da wani abu, in ya fasa ya zama na mai kaya. A kan haka mafi yawanmu muka taso a gida. Imam Ahmad ya halatta shi, kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya mai mazauni a Jidda ta halatta shi a zamanta na 1993, da sharaɗin a iyakance lokacin jira.

Sai dai kai ba ka ma buƙatar shiga saɓanin. Rubuta kuɗin a matsayin ladan matakan aiki. Misali: in an fasa kafin a fara zane, a mayar da kuɗi duka. In an fasa bayan zanen fensir, kashi 30 na mai zane ne, a mayar da ragowar. In an fasa bayan an shiga kala, rabi. In an gama, duka. Ka ga abin da ka riƙe ladan aikin da ka yi ne, ba tarar fasawa ba.

Abin da za ka kiyaye shi ne wanda ake kwafowa daga yarjejeniyoyin Turawa: "in ka yi jinkirin biya za a ƙara kashi kaza duk wata." Wannan ƙari ne a kan bashi, riba ce. Majalisar nan a zamanta na Riyad a 2000 ta yarda a sa wa mai ƙera abu tara in ya saɓa lokacin miƙawa, ba ta yarda a sa wa mai biya tara don ya yi jinkiri ba. Makaminka na halal shi ne fayil ɗin: yana hannunka har a biya. Wallahu a'alam.

Kawu Akanta (Riyad): Allah ya saka, Malam. Ƙari ɗaya: dokar kafa hujja da ta fara aiki a 2022 ta karɓi saƙonnin waya da imel a matsayin hujja. Saboda haka duk abin da kuka yi magana a kai ta murya, ka biyo shi da rubutu: "Kamar yadda muka yi magana, kaza da kaza, in haka ne a amsa da na'am." Ka ajiye na'am ɗin. Rana kuma ka rubuta ta miladiyya da ta hijiriyya tare. "Kafin azumi" ba rana ba ce.

Yaya Mai Alƙalami (Jidda): Yanzu zanen kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen zane shi ne fensir.

Fara da ƙananan zane, kowanne bai wuce girman katin waya ba, goma ko sha biyar, baƙi da fari. Tsari kawai kake nema: ina suna zai zauna, ina dabino, ina ido zai fara sauka. A ciki zaɓi biyu, in ya yi yawa uku, ka nuna. Kada ka nuna wanda kai ba ka so don cike gurbi, wallahi shi za a zaɓa. Kada kuma ka nuna shida, zai ce a ɗauko murfin na ɗaya da reshen na huɗu da rubutun na shida.

Wanda ya zaɓa shi za ka faɗaɗa a kan taswirar Baba, da rubutun gaske a wurinsa. Ba rubutun cike gurbi ba, don tsawon Larabci da na Hausa ba ɗaya ba ne, kuma Larabcin daga dama yake tasowa, nauyin fuskar kwalin zai karkata. Nan ne wurin gyara na farko. Ka gaya masa a fili: yanzu matsar da reshe minti goma ne, bayan kala yini biyu ne.

In ya amince, kafin ka shiga cikakkiyar kala yi gwajin kala ƙarami: zanen nan dai, a shafa masa launuka a gurguje, iri biyu. Ya zaɓa. Sannan ka shiga aikin gaske. Gyara na biyu bayan kala ne, kuma na launi ne da ƙananan abubuwa, ba na tsari ba.

A takarda rubuta zagaye biyu na gyara, ka kuma fassara "zagaye": duk gyaran a tattare cikin saƙo ɗaya, cikin kwana uku na aiki. In ba haka ba za ka sha saƙon murya ɗaya bayan la'asar, ɗaya bayan isha, ɗaya ƙarfe biyun dare, kowanne yana warware na baya. Zagaye na uku da kuɗinsa, a rubuta adadin tun farko. In ya yi shiru mako guda, ranar miƙawa ta matsa da mako guda, wannan ma a rubuta.

Hajiya Mai Kala (Riyad): Abubuwan da ake tambaya tun a fensir saboda inda muke. Yana son mutum ko raƙumi a zanen? Wasu ba sa son mai rai sam, wasu sun yarda in babu fuska, wasu ba ruwansu. Tambaya ce ta daƙiƙa ɗaya, rashinta kuwa zubar da aikin mako ne.

Sannan hattara da bishiyar dabino da takubba biyu a gicciye a ƙarƙashinta. Wannan tambarin ƙasa ne, Ma'aikatar Kasuwanci ta hana sa shi, da tuta mai kalmar shahada, a kan kayan sayarwa. Mai zanen kwalin dabino ya fi kowa saurin faɗawa wannan, don bishiyar tana gabansa, sai ya ga ƙasanta fayau ya ce bari ya ƙawata. Aya ko hadisin falalar ajwa ma, ka ba shi shawara a bar su daga jikin kwali. Kwali in an cinye, shara za shi.

Malam Ɗalibin Madina: Haka ne Hajiya. In ya nace, a sa a ɗan kati daban a ciki, wanda mutum zai iya cirewa ya adana.

Baba Mai Maɗaba'a (Jidda): To ku matso, ga inda ake kuka.

Girma. Buɗe fayil a girman gaske, ɗigo 300 a kowane inci. In shimfiɗar kwalin santimita 42 ce da 30, kana buƙatar fiksil 4961 da 3543. Wanda ya zana a ƙarami ya ja shi daga baya, dishi-dishi zai fito, ba maganinsa. Masu Procreate, manhajar zane ta iPad, su sani girman nan yana rage yawan leya, wato hawa-hawan zane, da iPad zai ba su, sai a zana fuska-fuska a haɗa a kwamfuta. A Procreate kuma tun wurin buɗe fayil ake zaɓar RGB, launin allo, ko CMYK, tawada huɗu ta bugu (sayan, majenta, ruwan ɗorawa, baƙi), ba a tsallakawa daga wannan zuwa wancan a tsakiyar aiki, don haka a fara da CMYK.

Rarar yanka. Zane ya zarce layin wuƙa da milimita 3 ta kowane gefe, don wuƙa ba ta sauka daidai gashi. In babu rara, farin layi zai fito a bakin kwali. Rubutu kuma ya ja baya daga layin yanka da na karyawa da milimita 4 zuwa 5. Leɓen gam a bar shi fari, gam ba ya kama tawada da leda da kyau, kwalin zai buɗe a jakar alhaji.

Launi. Allon waya haske yake fitarwa, takarda tawada take sha. Kore mai walƙiya da shuɗi mai ƙyalli na allo ba su da tawada a cikin huɗun nan. Shuɗi in majenta ta yi masa yawa sai ya koma shunayya, a bar tazara mai kyau tsakaninta da sayan, kamar sayan 100, majenta 70. Launin dabino shi ne mafi wuya, don ruwan ƙasa duk tawada huɗu ne a haɗe: in inji ya ɗan karkata, ajwa ta koma ja-ja ko kore-kore kamar ta lalace. Ga shi ajwa kusan baƙa ce, sai mai zane ya yi ta lafta duhu. Jimlar tawada a wuri ɗaya kada ta wuce 300 cikin 400 a takardar kushe mai sheƙi, a takarda marar sheƙi ƙasa da haka. In ta wuce ba ta bushewa, ta shafi bayan takardar da ke samanta. Baƙin fili mai faɗi a yi shi 60, 40, 40, 100. Ƙaramin rubutu kuwa baƙi zalla, 100 kaɗai, in ba haka ba sai ya fito da inuwa in faranti ya goce.

Yaya Mai Alƙalami (Jidda): Baba, a gafarce ni, ba na ganin dole a zana cikin CMYK tun farko. Mai dabino zai so zanen a Instagram da Snapchat. A zana a RGB, a kunna gwajin bugu a Photoshop ana dubawa, a juya a ƙarshe da furofayil, wato saitin launi, da maɗaba'a ta bayar. Daga RGB zuwa CMYK ana iya zuwa, dawowa ce ba ta mayar da abin da ya zube.

Baba Mai Maɗaba'a (Jidda): Ga wanda ya san hannunsa, na yarda. Sharaɗi ɗaya: abin da za a nuna wa mai dabino ya amince da shi ya zama wanda aka riga aka juya. In ya ƙyalla ido a kan koren waya, duk abin da injina ya fitar zai ce na cuce shi. Ka tambayi maɗaba'a furofayil ɗinta, da yawa FOGRA39 za su ce maka ga kushe. Kuma a biya kuɗin burufa, a buga gwaji ɗaya a takarda, mai dabino ya sa hannu a bayanta. A duba ta a hasken rana, ba ƙarƙashin fitilar shago mai ruwan ɗorawa ba. Ku tuna leda marar sheƙi tana ƙara dusashe launi, takardar kiraf mai ruwan ƙasa kuma ba ta da fari, duk inda ka bari fari launin takardar zai fito.

Zinariya. Kowane mai dabino yana son ta. Ba tawada ba ce, faranti ne daban ake ƙerawa a danna da zafi. A ba ni ita a leya tata ita kaɗai, bekta, wato zanen layi ba na fiksil ba, baƙi 100, da suna a fili. Layin da ya fi rabin foyin (ma'aunin kaurin layi) siriri zai tsittsinke, ƙananan ramukan haruffa kuma su cike.

Hajiya Mai Kala (Riyad): Rubutu, tunda yare biyu ne. Haruffan ƙ, ɗ, ɓ ba kowane font ke da su ba. In babu, manhaja sai ta aro daga wani font a ɓoye, ka ga "Ɗanɗano" da Ɗ ɗin ta fita daban kamar baƙuwa, ko akwati fanko ya fito. Noto Sans, Andika da Charis suna da su. Larabci kuma in ba a kunna tsarin rubutun Gabas ta Tsakiya a Illustrator ba, haruffa su rarrabu su juya baya. Amiri, Cairo da Tajawal kyauta ne, lasisinsu ya yarda da kasuwanci. Font da aka tsinto a Telegram kuwa, ba ka san lasisinsa ba, kada ka ɗora wa mai dabino. In yana son ajami don dattawan alhazai, akwai font mai suna Alkalami da aka yi a kan salon rubutun Kano, da Harmattan.

Kafin miƙawa a mayar da duk rubutu zane, yadda ba ya buƙatar font a kwamfutar maɗaba'a. Amma ka ajiye kwafin da rubutun yake a raye, don gyaran gaba.

Kuma rubutun ba alhakinka ba ne. Ka tura masa shi a fili ya karanta ya amsa. A Larabci ɗigo ɗaya ke raba tamr, dabino, da samar, 'ya'yan itace.

Kawu Akanta (Riyad): Bayanan abinci ma daga gare shi za su fito, nauyi, mai sarrafawa, ƙasar asali, yadda Hukumar Abinci da Magunguna ta tanada, kuma dole da Larabci. Kai dai ka bar musu wuri. Lambar bakod shi zai samo daga GS1, ƙungiyar da ke ba da ita, na Saudiyya da 628 suke farawa.

Baba Mai Maɗaba'a (Jidda): Bakod girmansa na asali kusan milimita 37 da 26 ne, kada a matse shi ƙasa da kashi 80. Baƙi a kan fari, da fili fari dama da hagu. Ja ko zinariya na'urar kanti ba ta karantawa. Wurin buga ranar sarrafawa da ta ƙarewa a bar fili mai haske, a gaya wa maɗaba'a kada a rufe shi da sheƙi, in ba haka ba tawadar hatimi ta goge da yatsa.

Lokaci kuma: daga Sha'aban zuwa sallah, da gabanin hajji, da makonnin kafin 23 ga Satumba, ranar ƙasa ta Saudiyya, injuna a cike suke. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kwalin na alhazai ne, fayil ya iso a farkon Shawwal.

Auta (Makka): Allah ya ƙara girma Baba. In na gama, me zan tura masa, ta ina? Ya riga ya ce in turo "komai da komai".

Yaya Mai Alƙalami (Jidda): Kafin biya: hoto ƙarami, faɗin fiksil 1200 ya isa, da sunanka a shimfiɗe a tsakiya ba a kusurwa ba, don kusurwa ana yankewa. Bayan biya: PDF na bugu, PDF/X-1a ko X-4 yadda maɗaba'a ta ce, da taswirar yanka a leyarta daban don kada a buga layin a jikin kwali, sai PNG a RGB na talla. In ta WhatsApp ne a tura a matsayin takarda, in ka tura a matsayin hoto zai matse shi. Mafi kyau ka tura wa maɗaba'a kai tsaye ka sa shi a kwafi. Sunan fayil ya ɗauki lamba da rana, ba "na ƙarshe" da "na ƙarshe sosai" ba, don tsohon fayil ake bugawa ta haka.

"Komai da komai" yana nufin fayil mai leya. Wannan ba ya cikin ciniki sai an rubuta. Da shi ne ɗan wansa mai kwamfuta zai canja ajwa zuwa sukkari ya fitar da kwali huɗu daga kuɗin ɗaya.

Hajiya Mai Kala (Riyad): In ya zaɓi farashin mallaka duka, ba shi, ya saya. In na kwali ɗaya ya zaɓa, a'a. Ka kuma sa layi ɗaya cewa kana da damar nuna aikin a shafinka bayan kwalin ya shiga kasuwa, ba kafin nan ba. Fayilolin ka ajiye a wuri biyu ban da kwamfutarka, zai dawo baɗi ya ce nasa sun ɓata.

Auta (Makka): Na tura masa tambayoyin. Ya amsa: kwali 3,000, ba mai rai, yana son zinariya a suna, wansa ne mai ta cewa, kuma bai zaɓi maɗaba'a ba tukuna. In fara ƙananan zanen kafin ya zaɓa?

Baba Mai Maɗaba'a (Jidda): Ƙananan ka iya, in kafin alƙalami ya shigo. Na fensir kuwa jira taswira. Ka kuma karɓi lambar wan, tun yau shi za ka riƙa sa wa a saƙo.